Tambaya da Amsa: Aikin gurup ya koma na mutum ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kwantabilite (lissafin kuɗin kasuwanci) wa ƴan shekara ta biyu a wata makaranta mai zaman kanta nan Tawa. Duk sanda na ba su aikin gurup mutum ɗaya ke yi, sauran su haɗa kuɗin buga takarda a sa sunansu, ranar ekspoze kowa ya karanto shafinshi shi ke nan. In daina ne ko akwai dabara? Daga wata malama, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kar ki daina, amma gaskiya laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. In kika ce mutum shida su rubuto shafi 20 kan amfanin kwantabilite a kamfani, ai yaro ɗaya da waya da intanet ya gama shi dare ɗaya, to sauran biyar ɗin me za su yi?

Ki rage su koma huɗu, ke za ki haɗa su ba su ba, sannan ki raba aikin yadda ake raba shi a ofis. Kowane ɓangaren lissafi yana da lambar kont ɗinshi: ɗaya ya riƙe kes, akwatin kuɗi, wato kont 57, ɗaya saye da masu kawo kaya, 601 da 401, ɗaya sayarwa da waɗanda ake bi bashi, 701 da 411, na huɗu ya kwashe duka zuwa jurnal (littafin da ake rubuta cinikin kullum) da balans (jadawalin da ke nuna ko ɓangarori biyu na lissafi sun yi daidai). Wata na biyu su yi musanyar kujera. Yanzu in mai kes ya rubuta an karɓi jikka 50 daga wani kiliya amma mai 411 bai rage bashin ba dole su zauna su nemo inda ta ɓace, kuma nan za su gane balans na iya daidaita tsaf alhali lissafin ƙarya ne, don abin da ba a shigar ba sam balans ba ya tona shi. Dalilin ke nan a kamfanin kirki mai riƙe kuɗi ba shi ke rubuta littafi ba.

Kuma don Allah a bar misalin kamfanin Faransa na cikin littafi, ke da kike ƙasar albasa! Ki tura su wurin mai sarin albasar Galmi su nemi izini su bi cinikinshi wata biyu, ba tare da sa sunanshi a rahoto ba. Buhun da aka saya da arha lokacin girbi ba kuɗinshi ɗaya da na damina ba, su auna istok, wato kayan da ke ajiye, da CUMP (matsakaicin kuɗin saye) su sake aunawa da PEPS (wanda ya fara shiga shi ke fara fita) su ga riba ta canza alhali buhunan su ne dai, ga wadda ta ruɓe a rumbu, ga nauyi da ke raguwa, ina za a sa wannan asara? Sai babbar rigimar, Alhaji ya sa hannu a kes ya ɗauki kuɗin cefane ba takarda ba komai, yara da yawa za su jefa shi cikin kashe-kashen shago, alhali wurinshi kont 104 ne, kont ɗin mai shago na kanshi. Ki tambaye su ma wane tsari ya dace da shi, tunda dokar kwantabilite ta SYSCOHADA da aka gyara wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2018 ta yarda ɗan kasuwan da cinikinshi bai kai miliyan 60 na sefa a shekara ba ya bi ƙaramin tsarin nan mai sauƙi da ake kira SMT. Ɗan harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ki saka shi a faktir ɗaya ko biyu ya isa.

Zancen not kuwa, ni ra'ayina cikin 20, 8 na gurup, 12 na mutum. Duk mako kowa ya turo miki hoton shafinshi da rubutun hannunshi ta WhatsApp. Ranar ekspoze kar wanda ya yi bayanin ɓangarenshi, ki nuna mai kes ki ce fassara min istok. Wasu malamai na sa ɗalibai su ba juna not, nan wurinmu ban cika yarda da shi ba, kara ba za ta bar yaro ya kayar da ɗan unguwarsu ba, kowa 18 zai ba kowa. Ki sanar da su wannan rabon tun ranar farko, a rubuce, kafin su fita kasuwa.