Gilashi ya ƙi shiga firam, kusurwa ta huɗu kuma ta ƙi haɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina taɓa aikin katako ranar Lahadi don sha'awa. Na sayo katako a Mushin domin in yi wa shahadar saukar Alƙur'ani ta ɗana firam. Na auna takardar daidai da tef, amma da na haɗa sai gilashin ya ƙi shiga, kusurwa ta huɗu kuma ta bar ɓaraka. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya albarkaci karatun yaron. A ganina tef ɗinka ba shi da laifi, inda ka ɗora shi ne matsalar. Kowane gefen firam yana da tsawo iri uku: na bakin waje, na bakin ciki da ido ke gani, da kuma na kwarmin da aka sassaƙa a bayan katakon, inda gilashi da takarda suke zama. Wannan na ukun shi ne ya kamata ya yi daidai da takardarka, kuma ba cif-cif ba, sai an bar masa sararin milimita 2 zuwa 3, domin mai yankan gilashi ma yakan ɗan zarce, gilashi kuwa ba a matsa masa.

Bari mu ɗauka shahadar girman A4 ce, wato milimita 210 da 297. Da ƙarin milimita 3, kwarmin zai zama 213 da 300. Idan faɗin katakon milimita 40 ne, kwarmin kuma ya ci 8 daga ciki, saura 32 ke nan a kowane ɓangare, don haka sai ka ƙara 64 a kan kowane awo. Dogayen gefunan za su zama 364 a bakin waje, gajerun kuma 277. Ina ba ka shawarar ka tsaya a kan milimita tun daga farko har ƙarshe, domin yawancin tef ɗin da ke kasuwa suna ɗauke da inci a gefe guda, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, kuma mai ɗaukarsa 25 yana tara asara ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma abin da zarto ke ci. Haƙoran zarton inji kan mayar da kimanin milimita 3 gari a kowane yanka, na hannu kuma ƙasa da haka. Wanda ya bi tsakiyar layin fensir ya rage wa katakonsa rabin wannan a kowane kai, saboda haka a fiƙe fensir sosai, a yanka ta ɓangaren da za a yar, a bar layin a jikin aikin. Ƙarfen bakin tef da yake ɗan motsi kuma kada ka buga shi da guduma, da gangan aka yi shi haka domin ya cike kaurin kansa.

Ɓarakar kusurwa ta huɗu takan fito daga abu biyu. Firam yana da yanka takwas, kowanne digiri 45, kuma idan kowanne ya kauce da rabin digiri ta fuska ɗaya, digiri 4 ne za su taru a inda ka rufe aikin. Na biyun, wanda na fi zargi a aikinka, shi ne gefuna masu fuskantar juna ba su zo tsawo ɗaya ba. Kada ka auna kowanne daban. Ka kafe guntun katako a kan teburin a matsayin iyaka, ka jingina dogayen gefuna biyu da shi ka yanka, sannan ka matsar da shi ka yi wa gajerun haka. Kafin ka shafa gam, ka jera su huɗun a ƙasa, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta hanyoyi biyun, sai awon ya zo ɗaya sannan ka haɗa.

Katakon da ka sayo kuwa, in sabon yanka ne, ka ajiye shi a ɗaki ya yi makonni kafin ka taɓa shi. Da laimar Legas, katako yana kumbura ko ya tsuke ta faɗinsa, kuma kusurwar da ta haɗu tsaf da damina tana iya buɗe baki idan hunturu ya shigo. Gilashin kuma a wannan karon ka bari sai firam ɗin ya bushe, ka ɗauke shi ka kai wa mai yanka ya auna kwarmin da kansa.