Maganar kujerar hawa benen Yaya

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya amma na bari sai da na nutsu. Ka ce gwiwoyin Yaya, mahaifiyarka, sun kai inda ba ta iya hawa sama, kullum dare kai kake goya ta zuwa ɗaki, kana so ku sa mata kujerar nan mai lantarki amma ƙaninka ya ce neman tallafin kansul, wato ƙaramar hukumarku ta nan Ingila, abin kunya ne, wai a al'adarmu 'ya'ya ne ke ɗaukar nauyin uwa ba hukuma ba. Shine kake tambaya ya al'adar take.

Toh ƙaninka bai yi ƙarya ba, nauyin uwa na kan 'ya'yanta, musamman ku maza. Amma akwai abin da ku duka biyun ba ku duba ba. Kai ɗan fari ne. Yaya ko sunanka ba ta faɗa tun da ta haife ka, mu muna yara in ka yi kuka a gaban mutane sai dai wata ta ɗauke ka, ita ta kau da kai kamar ba ta san ka ba. Matar da take wannan kunyar ita ce yau kake durƙusawa ta hau bayanka, matarka na riƙe mata zani, jikoki na kallo. Ba za ta taɓa faɗa maka ba, sai dai ta ce Allah ya yi albarka, amma ni ta faɗa min a waya ta daina shan ruwa daga la'asar dan kar fitsari ya kama ta ta tashe ku tunda banɗakin a sama yake. Wallahi da na ji sai da na yi hawaye. Tsohuwa mai shan magani ta hana kanta ruwa fa.

A gida ba mu san wannan matsalar ba saboda ɗakin tsohuwa a ƙasa yake, ga buta a bakin ƙofa ga bayi nan kusa, in ma akwai bene na maigida ne. Abin da al'ada ke karewa kenan, tsohuwa ta yi tsarkinta da alwalarta ba tare da ta nemi kowa ba. Gidajen Ingila ne suka zo da nasu tsarin, wanka sama kicin ƙasa, matakala ƴar siririya. Na san za a kawo maka labarin mutumin Yaman da ya goya mahaifiyarsa yana ɗawafi, Ibn Umar ya ce masa ko nishi ɗaya na naƙuda bai biya ba. Gaskiya ne, ladan goyo na nan, amma in ƙafarka ta zame da ita a bayanka ku biyu ne za ku faɗo.

Shi kuwa kuɗin kansul ba bara ba ce. Babanku Allah ya jiƙansa shekara nawa ana yankar masa haraji a ƙasar nan, kai ma duk wata ana yankar naka, kuma doka ce ta ware shi domin irin Yaya. Sunansa Disabled Facilities Grant, a Ingila yana kaiwa har fam 30,000, a Wales 36,000, kuma ba bashi ba ne irin na banki. Sashen kula da manya na kansul ɗinku za ka kira ka ce kana so a zo a duba ta, za su turo ma'aikaciyar da suke ce wa OT ta ga yadda take tashi, yadda take zama, ta auna ko kujerar ce ta dace. Dan Allah ranar ku zauna da Yaya tukuna, na san halinta, ana tambayarta za ta ce lafiya lau Alhamdulillah, su kuwa abin da ka faɗa shi suke rubutawa. Ta faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya fi tsanani. Bayan nan sai su duba samunta, nata ne suke dubawa ba albashinka ba, ajiyar da ta haura fam 6,000 ita ce ke shiga lissafi. Za a sa hannu cewa tana da niyyar zama a gidan shekara 5, in haya kuke sai mai gida ya yarda.

Ka ji inda ni na yi asara lokacin Alhaji. Wani ɗan kamfani ya zo ya zauna mana a falo kusan awa biyu, ya ce ragin na yau ne kawai, ni kuma ganin yadda Alhaji ke rarrafe a matakala na sa hannu na biya. Da na je kansul daga baya suka ce ai ba sa biyan aikin da aka riga aka yi kafin su amince. Shikenan kuɗin ya tafi. Kar ka bari a ɗaura ko ƙusa ɗaya sai takardar amincewa ta zo hannunka. Suna da jinkiri kam, doka ta ba su har wata 6 su yanke hukunci bayan an cika takardu, jiran OT ɗin ma daban ne, shi yasa nake cewa ka kira gobe, kafin nan ku sauko mata da gado falo ku samo kujerar bahaya ta ɗaki ku sa labule.

In kun ga ba za ku iya jira ba ku saya da kanku. Matakala miƙaƙƙiya sabuwar kujera takan kama wajen fam 2,000 zuwa 3,000, cikin ƴan awanni ake ɗaurawa kuma a jikin matakalar ake kafa ƙarfen ba a bango ba. Taku kuwa na tuna tana da kwana a sama, irin wannan sai an auna an ƙera mata ƙarfenta, tana iya ninka kuɗin ko fiye. Ku kira kamfani uku kowa ya ba da farashinsa, ku tambayi ta hannu wadda aka gyara, ku tambayi kuɗin sabis na shekara da na batir dan nan ne suke cin mutane. Kuma tunda ciwon nata mai daɗewa ne akwai fom ɗin da ake cikewa a cire harajin VAT gaba ɗaya, kar ka manta ka ce su kawo shi.

Wajen haɗa kuɗin kuma kai ne babba, kai za ka tara su kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, ba a tilasta wa mata amma in ƙanwarka ta miƙo kar ka mayar mata, uwarta ce ita ma. Kar a rubuta wane ya ba da kaza a gurup, kar kuma Yaya ta ji adadin, in ta ji za ta ce a bari. Ƙaninka in yana so ya yi wani abu da hannunsa ya ɗauki kuɗin sabis ɗin duk shekara.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo jirgin ƙasa na safe, ni zan fara yi mata maganar, ta fi jin ta daga bakina. Ka gaida maiɗakin naka da yara.