Ina son harkar ɗaukar sauti, da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina firamare nake manne da rediyon mahaifina, waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya Jos babu wadda ban haddace ba. Yanzu na gama sakandare, na tara ɗan abin da ya sawwaƙa, ina so in zama mai ɗaukar sauti a situdiyo. Wane kaya zan fara saya? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka yi gaggawar shiga kasuwa. Ni ma son waƙa ne ya kai ni wannan sana'a, amma sai da na shiga na gane kunnen mai jin daɗin waƙa daban, kunnen mai ɗauka daban. Kai kana bin baitin mawaƙi, shi kuwa yana jin numfashinsa, da ƙarar fanka, da ƙugin janareta daga bayan gida, da gunjin wutar lantarki mai 50 Hz idan waya ta lalace. Wannan kunnen ake fara nema, kuma a gaban wani ake samunsa. Ka je situdiyo, ko a nan garinku ko a Kano wajen Zoo Road, ka roƙi a bar ka kana naɗe waya kana kallo.

In ka tashi saye, kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da ƙaramin akwatin shigar da sauti irin Focusrite Scarlett, da makirfo ɗaya da abin sawa a kunne sun ishe ka. Manhaja kuwa ka zaɓi ɗaya, Cubase ko FL Studio, ka zauna a kanta. Makirfon kondensa, wato irin mai saurin jin sauti da ake yawan gani a situdiyo, sai an kunna masa wuta mai bolt 48 daga akwatin, kuma yana kwasar komai, har kukan akuyar maƙwabta. In ɗakinka da hayaniya, makirfon hannu irin Shure SM58 ya fi maka rufin asiri.

Ɗakin nan shi ne babbar magana. Ka tsaya tsakiyarsa ka tafa hannu. In ka ji amo ya dawo maka kamar an buga kwano, to haka muryar mawaƙi za ta fito, ko nawa ka sayi makirfon. Katifa a jingine a kusurwa, bargo mai kauri a bango, darduma a ƙasa, sun fi kiret ɗin ƙwai da yara ke mannawa amfani nesa ba kusa ba.

Ka saita ingancin ɗauka a manhajar a 24-bit, 48 kHz in aikin fim ne, kuma kada allurar da ke nuna ƙarfin sauti ta kai sifili, wato ƙololuwarta. Ka bar ta tana yawo wajen -12. Muryar da ta fashe wajen ɗauka da wuya ta gyaru.

Abin da ke damuna shi ne yadda fiyano ya cinye situdiyoyinmu. Da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa sa wa kalangu makirfo ba. Ranar da na fara, na kafa shi dab da fatar, sai ƙarar sandar kiɗa kawai na samu. Makaɗin, wani dattijo, ya saurara ya ce, "Yaro, ina maganar gangar?" Da na ja baya kamar kamu biyu, sai ga muryar tana hawa tana sauka yadda yake matse tsirkiya a hammata. Tunda da Shata ka tashi, ka nemi mai kalangu ko mai gurmi a unguwarku, ka fara gwaji da shi ko da wayarka ce.