Wa zai biya kuɗin binciken ƙaryar da ke yawo a wayoyinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne a Maraɗi. Ɗana ya ce mini a wasu ƙasashe ana ba jami'o'i kuɗi su binciki labaran ƙarya na intanet da yadda suke dagula muhawarar siyasa. A ƙasar da ake fama da tsadar hatsi da ƙarancin ajujuwa, wannan ba almubazzaranci ba ne? Kuma wa ke biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. A ganina ba almubazzaranci ba ne, domin ƙarya tana cin rai. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. A 2014 saƙon waya ya sa mutane a Najeriya shan ruwan gishiri don tsoron Ebola, har wasu suka rasu. Yau abin da aka faɗa a Jibiya da safe, kafin azahar ya iso Ɗan Isa da Maraɗi.

Masu biya kashi uku ne. Akwai gwamnati, sai dai ƙasashen Afirka sun daɗe da alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa domin bincike, kuma galibinsu ba su cika ba. Akwai cibiyoyin tallafa wa bincike kamar CODESRIA ta Dakar da IDRC ta Kanada. Sannan akwai kamfanonin kafofin sada zumunta kansu: a 2018 WhatsApp ya ware har dala 50,000 ga kowane aiki, wajen miliyan 30 na sefa, kuma da irin wannan kuɗi ne Jami'ar Birmingham ta Ingila da CDD, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Abuja, suka binciki rawar WhatsApp a zaɓen Najeriya na 2019, har da Kano.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin binciken duniya bai san mu ba. Shahararren nazarin jami'ar MIT ta Amurka na 2018, wanda ya nuna ƙarya ta fi gaskiya gudu, a kan Twitter aka yi shi, cikin rubutun Turanci. Mu kuwa tamu ƙaryar da murya take zuwa. Ka dubi majalisar shayi bayan isha'i: wani ya ɗora waya kan tabarma, ya kunna saƙon minti uku, wani da ba a san ko wane ne ba ya fara da sallama da salati, ya rantse cewa ɗan'uwansa ne ya gani da idonsa, ya rufe da "a tura don Allah". Saƙon WhatsApp a kulle yake, ba kwamfutar da za ta leƙa shi daga Landan. Sai wanda ya ji Hausar, ya san dalilin da ya sa aka yarda da mai maganar, ya zauna ya rubuta abin da aka faɗa, ya bi sawunsa daga zaure zuwa zaure. Wannan aikin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ta Abdou Moumouni ne, kuma ba ya buƙatar injuna masu tsada: kuɗin mota, kuɗin intanet, da ladan masu tattara bayanai. LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, ta nuna tun 2001 cewa binciken zama da jama'a yana yiwuwa a nan gida.

Amma ina da sharaɗi, Baba, domin mai ba da kuɗi yakan so ya zaɓi ƙaryar da za a bincika. Kamfani yana iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama, kamar yadda Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike ke bin labaran Facebook da ita, a Agustan 2024. Hukuma kuma tana iya kiran duk sukar da ba ta so "labarin ƙarya". Dokarmu ta Nijar kan laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an maido mata da hukuncin ɗauri a 2024, don haka manomin da ya ba ɗalibi saƙon da ke wayarsa dole a ɓoye sunansa sosai.

Saboda haka kafin a karɓi ko sisi, a rubuta a yarjejeniya cewa mai biya ba zai taɓa sakamakon ba, a bayyana sunansa ga kowa, kwamitin malamai ne zai tantance ayyukan, kuma a karanta abin da aka gano da Hausa a gidajen rediyon Maraɗi, inda waɗanda aka yi binciken a kansu za su iya bugo waya su musanta ko su gyara.