Tambaya da Amsa: Daminar Asiya, Wane Wata Ya Kamata A Tafi?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan karo, duka daga cikin garin Sakkwato, kuma duk magana ɗaya ta haɗa su: lokacin da ya dace a nufi ƙasashen Asiya masu damina mai nauyi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu na fama da ciwon gwiwa, likita ya ce a yi mai aiki amma ba na gaggawa ba ne. Asibitoci ukku sun amsa muna, ɗaya a Mumbai, ɗaya a Delhi, ɗaya a Chennai. Wani ya ce muna kada mu kuskura mu je Indiya tsakanin Yuni da Satumba saboda ruwa. Shin gaskiya ne? (Daga wani mai karatu a Mabera)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Wanda ya ba ka shawarar ya faɗi gaskiya game da Mumbai, ya faɗi rabinta game da Delhi, game da Chennai kuwa ya yi kuskure. Indiya ba damina ɗaya gare ta ba.

Abin da Turawa ke kira monsun, wanda suka aro daga kalmar Larabci mausim, ba baƙon abu ba ne a wurinka, don da shi kake rayuwa. Idan bazara ta gasa ƙasa, tudu yakan fi teku zafi, sai iska mai ɗauke da danshi ta taso daga teku ta nufo tudu, ta zubar da ruwa. Idan shekara ta juya, iskar ta juya, ta taso daga tudu a bushe, wato hunturunmu. Bambancin kawai shi ne yawa. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba. Mumbai tana samun fiye da 2,000, kusan duka a cikin wata huɗu. A ranar 26 ga Yulin 2005 an auna milimita 944 a can cikin kwana ɗaya, wato abin da ya fi daminarmu gaba ɗayanta.

Ruwan yakan sauka jihar Kerala da ke kudu wajen 1 ga Yuni, ya iso Mumbai wajen 10 ga wata, ya kai Delhi a ƙarshen Yuni, sannan ya fara janyewa daga arewa maso yamma a tsakiyar Satumba. Mumbai tana bakin Tekun Larabawa, a bayanta kuma ga jerin duwatsun Ghats na yamma da ke tare hadari su tatse shi a nan. Shi ya sa Yuli da Agusta a Mumbai ba lokacin kai dattijo mai dogara sanda ba ne. Asibiti dai yana aikinsa ko ana ruwa ko ba a yi, matsalar tana tsakanin masauki da asibiti: tituna su cika, tafiyar minti ashirin ta koma awa biyu, daɓe ya yi santsi, ga shi bayan aikin gwiwa kusan kullum sai an kai shi gashin ƙashi. Idan Mumbai kuka zaɓa, ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Chennai tana ɗaya gaɓar, ta gabas. Duwatsun nan sun riga sun kwashe yawancin ruwan kafin iskar ta iso ta, don haka a Yuni da Yuli zafi ne ya fi damunta, ruwan jefi-jefi ne. Daminarta ta gaske tana zuwa ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da iska ta juyo ta ɗebo danshi daga Mashigin Bengal, kuma lokacin ne na mahaukaciyar guguwa. A farkon Disambar 2015 ambaliya ta sa an rufe filin jirgin Chennai na kwanaki, an kuma sake rufe shi a Disambar 2023 sanadin guguwar Michaung. Ka ga ke nan, da ka bi shawarar abokinka ka jira Satumba ta wuce, ka sayi tikitin Nuwamba zuwa Chennai, da ka gudu daga yayyafi ka faɗa kogi. Janairu zuwa Maris ne lokacin Chennai.

Delhi kuwa ba ruwa ne babban abin tsoronta ba. A Mayu da Yuni zafi kan kai digiri 45. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba hayaƙin ƙona karan shinkafa a jihohin Punjab da Haryana yakan haɗu da na motoci ya lulluɓe birnin, abin da ke da haɗari ga tsoho, musamman mai asma ko ciwon zuciya. A ƙarshen Disamba da Janairu ga sanyi ga hazo mai hana jirage sauka da tashi. Abin da ya rage mai kyau shi ne tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris.

A ganinmu, tunda aikin ba na gaggawa ba ne, rabin ƙarshe na Fabrairu ya yi wa duk biranen uku daidai, sai ku zaɓi asibiti bisa ƙwarewar likita da kuɗi, ba bisa yanayi ba. Amma ku kula da abu biyu tun daga gida. Na farko, Fabrairu ƙurar hunturu ba ta gama kwanciya a nan ba, kuma takan hana jirgi sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III. Kada ku haɗa jirgin Sakkwato da na ƙetare a rana ɗaya. Ku isa Abuja ko Legas da tazarar kwana ɗaya, biyu ma ya fi. Na biyu, katin rigakafin shawara: Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma wanda ya sauka ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida. Idan Baba ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yin allurar ba, ku tuntuɓi likitansa tun da wuri kafin a yi masa.

Wannan duk ga aikin da zai iya jira ne. Mai ciwon daji ko na zuciya da likita ya ce a hanzarta, ba ya jiran damina ta wuce. Ya tafi, ya kama masauki mafi kusa da asibiti, a hawa na sama ba na ƙasa ba.

TAMBAYA: Ina sana'ar takalma da jakunkunan mata da yadudduka, ina sarowa daga Bankok ta ƙasar Tailan da Guangzhou ta ƙasar Sin. Kayan da na yi lodi a watan Yuni sun iso rabinsu da fumfuna, kwalaye sun yi laushi, ƙarafan jakunkuna sun yi tsatsa, alhali kwantenar ba ta yoyo. Mi ya jawo haka, kuma wane lokaci ya fi dacewa in tai? (Daga wata Hajiya a Gawon Nama)

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ruwan da ya ɓata miki kaya ba daga waje ya shiga ba, da shi aka rufe ƙofar. A watan Yuni iskar Guangzhou jiƙe take sharkaf. Kwali yana shan danshi, katakon da ke shimfiɗe a ƙasan kwantena yana sha, fata da auduga ma haka. Da rana ƙarfen kwantena ya yi zafi, danshin ya tashi. Da dare ya huce, danshin ya taru a rufi kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya, ya ɗigo kan kaya. A maimaita wannan kullum na tsawon sama da wata guda a kan teku, a ƙara da zaman jira a tashar Legas wadda ita ma a lokacin tana cikin daminarta. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da haka.

Maganinsa ba shi da tsada idan aka kwatanta da asarar. Kafin lodi, a sa mutum ya shiga kwantenar a rufe shi ciki na ɗan lokaci. Duk inda ya hango haske, nan ruwa zai bi. A taɓa katakon ƙasa, in da sanyin jiƙa a nemi a canza ta. Kada a yi lodi a fili ana ruwa. A sa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi a cikin kowane kwalin takalmi da kowace jaka, sannan a rataya manyan jakunkunan shan danshi a jikin bangon kwantenar daga ƙofa har ƙurya. Ƙananan su kaɗai ba sa iya wa kwantena guda. A bar 'yar tazara tsakanin kaya da rufi, a shimfiɗa takarda mai kauri a saman kwalayen ƙarshe. Sannan ki tabbatar kayan sun bushe tun daga masana'anta, domin takalmin da aka sa a leda gam ɗinsa bai gama bushewa ba, ko an yi duk wannan sai ya yi fumfuna.

Maganar lokaci kuwa, Guangzhou tana cikin ruwa daga Afrilu zuwa Satumba, guguwar teku kuma ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, har takan tsayar da aikin tashoshin ruwa da na jiragen sama. Oktoba zuwa Disamba ne lokacin da gari ke bushewa, kuma ya zo daidai da babban bajekolin Kanton na kaka da ake yi a nan Guangzhou, wanda ake farawa 15 ga Oktoba a kai farkon Nuwamba. Sai dai a makonnin bajekolin kuɗin otal kan tashi. Ki guji makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne, ki kuma guji sabuwar shekarar Sinawa da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, don masana'antu na rufewa na makonni.

Bankok tana damina daga Mayu zuwa Oktoba, Satumba ne ya fi kowane wata ruwa. Nuwamba zuwa Fabrairu gari a bushe yake, zafi da sauƙi. Kada ki sa tafiya daga 13 zuwa 15 ga Afrilu: bikin Songkran ne, ana watsa wa duk mai wucewa ruwa a titi, shaguna da yawa a rufe. Tafiya ɗaya a Nuwamba za ta iya haɗa miki garuruwan biyu. Kuma tunda Sallah tana zuwa da wuri da kimanin kwana 11 kowace shekara, ki riƙa lissafin kayan Sallah daga ranar da kike so su iso kasuwa ki koma baya da aƙalla wata uku.

TAMBAYA: Ɗiyata ta samu gurbin karatu a Malesiya, za ta tafi a watan Oktoba. An ce muna lokacin ambaliya ne. Mu nemi a ɗage mata? (Daga wani uba a Runjin Sambo)

AMSA: Alhaji, ba ka faɗi garin ba, kuma amsar tana wurin garin. Daminar da ke kawo babbar ambaliya a Malesiya tana zuwa ne daga Nuwamba zuwa Maris, kuma gaɓar gabas ta fi shafa: jihohin Kelantan, Terengganu da Pahang. Idan makarantar tana Kuala Lumpur ko kewayenta, can ana ruwa duk shekara, yawanci na la'asar ne mai tsawa, ya yi awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Ba mu ce ba a ambaliya a can ba, don a Disambar 2021 ruwa ya ci unguwanni a Shah Alam da Klang. Amma wadda za ta yi shekara uku ko huɗu ba ta da hanyar kauce wa damina, ɗage tafiya zangon karatu kawai zai ci mata. Ta tafi. In za ta kama ɗaki a wajen makaranta, ta tambayi maƙwabta ko ruwa ya taɓa shiga unguwar, ta kuma zaɓi bene.

Abin da ya fi ruwan muhimmanci shi ne zazzaɓin dengi. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, musamman da hantsi da gab da magariba, don haka gidan sauro na dare bai wadatar ba. Sai da man shafawa mai korar sauro, da hana ruwa kwanciya a bokiti ko tukunyar fure. Idan zazzaɓi ya kama ta da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, kada ta yi irin ta gida ta ce maleriya ce ta sayi magani. Ta je asibiti a gwada jini, kuma kafin nan kada ta sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini; farasitamol kaɗai. Kayan sawa kuma ta fifita auduga marar nauyi, hijabi ma haka. Shadda mai sitaci da atamfar da aka jibge a akwati wata biyu ba a buɗe ba, wari za su yi.

TAMBAYA: Mu da muka saba da zafin Sakkwato na watan Afrilu, akwai zafin da zai ba mu tsoro a can? (Daga wani ɗalibi a Arkilla)

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Zafinmu busasshe ne: ka yi zufa, iska ta shanye ta, jiki ya huce, shi ya sa digiri 43 a inuwar dogon yaro yake jurewa. A Mumbai ko Bankok ko Jakarta ma'auni na iya nuna 33 kawai, amma iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufar ba ta da inda za ta je, sai ta tsaya a jiki tana tsiyaya ba tare da ta sanyaya ka ba. Mafi tsanani shi ne makonnin da ke gab da faɗuwar damina, Afrilu da Mayu. Jiki kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, don haka a kwanakin farko ka rage yawon tsakar rana, ka yawaita shan ruwan gora, ka riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na ORS a jaka. Kada ka ratsa ruwan ambaliya da silifa, akwai cutar da ke shiga ta ƙaramin rauni daga fitsarin ɓera. In kuwa Jakarta ko Bali na ƙasar Indonesiya ka nufa, ka juya lissafin da muka yi a sama: suna kudu da tsakiyar duniya, daminarsu daga Nuwamba ce zuwa Maris, raninsu kuma ya faɗo daidai lokacin da mu muke shuka gero.