Tsohuwar Marsandi na ɗaukar zafi: waya za ta taimaka, ko a cire tamostat?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, ina da Marsandi 240D ƙirar 1982 da na gada wurin mahaifina. Kwanan nan allurar zafi na hawa da zarar na shiga cunkoson Kejetia. Makanikena a Suame Magazin ya ce a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Ɗana kuma ya ce akwai manhajar waya mai nuna zafin inji. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Yaronka bai yi ƙarya ba. Akwai 'yar na'ura, ELM327, da ake soka wa mota, tana aika bayanan inji zuwa manhaja irin Torque ta bulutut. Sai dai tana buƙatar mashigar OBD-II, wato soket ɗin da ake karanta bayanan kwamfutar mota ta cikinsa, wadda aka wajabta a Amurka a 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Motarka ta girme wa wannan tsari, ba ta da kwamfutar da za ta yi magana da waya. Manhajojin da ke cewa suna auna zafi da waya kaɗai kuwa, akasarinsu zafin batirin wayar suke karantowa.

Shawarar cire tamostat ita ce ban yarda da ita ba, duk da yaɗuwarta a garejojinmu. Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura idan ruwa ya kai wani mataki na zafi, sai ya tura ƙofar ta buɗe. Da safe yana tsare ruwan a cikin inji don ya ɗumama da wuri, saboda injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi hayaƙi, ƙarafunansa sun fi saurin cinyewa. Zafin Kumasi bai kai rabin zafin da inji ke so ba, don haka tamostat ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne.

A irin motarka lamarin ya fi haka. Tamostat ɗinta aiki biyu yake yi: yayin da yake buɗe hanyar lagireto, wani faifai a gindinsa yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin injin kaɗai. Idan aka cire shi, wannan hanya za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa komawa inji bai bi ta lagireto ya huce ba. Sai a cire don maganin zafi, zafin ya ƙaru.

Abin yi shi ne a gwada shi, kuma a gida ma za ka iya. Bari inji ya huce sarai, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. A zubar da ruwa kaɗan, a kwance kusoshin gidan tamostat, a lura da yadda yake zaune kafin a zare shi. A nan wayar yaronka za ta yi amfani, ya ɗauki hoto. Za ka ga lamba a jikinsa, kamar 80 ko 82, wato digirin da zai fara buɗewa. Rataye shi da zare cikin tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, ka sa ma'aunin zafi na girki, ka hura wuta sannu a hankali. Mai lafiya zai fara motsi daf da lambar da ke jikinsa, ya buɗe sosai kafin ruwa ya tafasa, ya rufe ruf bayan an sauke tukunyar. Wanda ya ƙi buɗewa, ko wanda ka tarar a buɗe tun da sanyi, ya mutu. Sabon da za ka saya ma ka dafa shi haka, don jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma ka tabbatar yana da faifan nan na gindi.

Wurin mayarwa a kankare tsatsa, a sa sabuwar robar da ke hana yoyo, a ɗaure kusoshi daidai wa daida ba da ƙarfin tsiya ba, don gidan na alminiyom ne, yana tsagewa. A cika ruwa haɗe da maganin hana tsatsa, a tayar da mota har iskar da ta maƙale ta fita, sannan a ƙara.

Tunda a cunkoso kawai allurar ke hawa, na fi zargin fanka, ko bel da ya saki, ko lagireton da datti ya toshe. Ka sa makaniken ya duba su a rana guda.

Tambaya: Malam, ni a Nima nake, Accra. Na'urar nan mai kamar bindiga da ake auna zafi daga nesa, za ta yi aiki a mota?

Amsa: Ƙwarai kuwa, amma ta masu gyara, ba wadda aka riƙa auna goshi da ita lokacin korona ba, don waccan iyakarta zafin jikin mutum. Ka tayar da mota da sanyi, ka riƙa auna gidan tamostat da saman lagireto. Lagireto zai jima da sanyi, sannan ya ɗauki zafi farat ɗaya lokacin da tamostat ya buɗe. Idan tun daga farko yake ɗumama tare da inji, tamostat ya maƙale a buɗe ko an riga an cire shi. Ka auna a kan baƙin tiyo ko wurin da ke da fenti, domin ƙarfe mai sheƙi yana sa na'urar ta nuna ƙasa da ainihin zafin.