Tambaya da Amsa: Sunan Turai a kan tsutsar rafin Jos

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen nazarin dabbobi, a nan Jos. Furojet ɗina a kan ƙwarin ruwa ne na wani rafi da ke gangarowa daga duwatsun Shere. Na tara tsutsotsin kadis iri biyu, wato wani ƙwaro mai kama da faɗa-wuta wanda tsutsarsa take rayuwa a cikin ruwa. Ɗaya tana cikin gidan da ta haɗa da 'yan tsinkaye, ɗayar ba ta da gida, a ƙarƙashin dutse nake samunta kusa da wata 'yar raga. Manhajar waya ta ce ta farkon Limnephilus flavicornis ce, littafin da ke laburarenmu kuma ya kai ni ga Hydropsyche pellucidula a kan ta biyun. Da na bincika sai na ga duk na Turai ne. Abokina ya ce ai Jos garin sanyi ne, ba abin mamaki ba ne. Saura mako 6 in miƙa aikin kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ga mai unguwar wurin yana jira in gaya masa ko ruwan zai shawu, don na taɓa ce masa waɗannan tsutsotsi ba sa zama sai a ruwa mai tsafta. Me zan rubuta, shi kuma me zan ce masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da hankalinka ya ƙi kwanciya. Goge sunayen nan biyu daga takardarka tukuna, sannan mu yi magana.

Maganar abokinka ba hujja ba ce. Gaskiya ne Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, kuma hunturunmu yana sa mutum neman bargo biyu. Amma sanyi ba ya ɗauko ƙwaro daga Ingila ya tsallako da shi Sahara. Dangin Limnephilidae, wanda Limnephilus yake cikinsa, na arewacin duniya ne, Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, can suka yi kaka-gida. Rafukanmu na yankin Afirka ta kudu da Sahara ne, kuma masu su daban ne: Hydropsychidae, Philopotamidae, Leptoceridae, Ecnomidae, Dipseudopsidae, Hydroptilidae da 'yan kaɗan bayan su. Manhaja ba ta san wannan ba. Hotunan da aka cika mata ciki da su yawanci na Turai da Amurka ne, kuma ba a gina ta don ta yi shiru ba, dole ta miƙo maka suna. Littafin tantancewa na Birtaniya ma haka yake: duk abin da ka shiga da shi ta ƙofar farko, sai ya fitar da kai ta wata ƙofa da sunan ɗan Birtaniya. Kama da wane ba wane ba ne.

Gidan tsutsa kuwa ka daina dogaro da shi. Dangi daban-daban suna gini da tsinke, kuma nau'i guda yakan sauya kayan gini gwargwadon abin da rafi ya ba shi. Sa kan allura mara tsini ta bayan gidan ka turo ta waje, ka ajiye gidan tare da ita a kwalba ɗaya, ka ɗora ta a ƙarƙashin maikuroskof. Idan ƙafafun baya sun yi tsawo fiye da sauran sosai, har suna miƙowa gaba ta saman kai, kuma 'yan ƙahonninta suna ganuwa fili a gaban kai kusa da muƙamuƙi, tsawonsu ya ninka kaurinsu sau 6 ko fiye, to Leptoceridae ce, kuma nan na fi zato. Idan akwai ɗan ƙaho tsakanin ƙafafun gaba ta ƙasan ƙirji, ƙahon kai yana manne dab da ido, gaɓar farko ta ciki ba ta da tozo a sama, gidan kuma mai kusurwa huɗu ne, ka nufi Lepidostomatidae.

Ta biyun ta fi sauƙi. Sulke mai tauri a kan gaɓoɓin ƙirji duka uku, gezar numfashi mai rassa a jere ta ƙasan ciki, da tsintsiyar gashi a ƙafafun wutsiya: Hydropsychidae ke nan, babu gardama. Idan sulken uku ne amma babu geza, Ecnomidae. Idan gaɓar farko kaɗai ke da sulke, kan ruwan lemo, leɓen sama fari mai laushi ya buɗe kamar harafin T, Philopotamidae, galibi Chimarra. A cikin Hydropsychidae, wanda ya fi cika duwatsun kogunan Afirka shi ne jinsin Cheumatopsyche. Kifar da ita ka duba bayan farantin da ke tsakanin ƙafafun gaba: Hydropsyche tana da 'yan sulkuna biyu manya a wurin, Cheumatopsyche kuwa nata ƙanana ne ƙwarai ko babu, kuma gaban goshinta yakan zo da 'yar tsaga a tsakiya.

Nan tsutsa ta tsaya da kai: dangi, in an yi sa'a jinsi. Nau'o'in kadis da aka sanya wa suna a duniya sun haura 14,000, na yankinmu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma akasarinsu da baligin namiji aka siffanta su, ba a taɓa haɗa su da tsutsarsu ba. Saboda haka sunan nau'i yana wajen namiji mai fiffike, a ƙarshen cikinsa.

Mako 6 ya ishe ka. Je bakin rafin kafin magariba da farin tire, ka zuba etanol mai ƙarfin kashi 80 kamar zurfin santimita 2, ka gicciya fitilar UV a kai. Irin ƙaramar da ake duba jabun kuɗi da ita ma tana ja, in ba ka sami babba ba. Awa biyu zuwa uku na farkon dare su ne na kamu. Daren farin wata, ko daren da iskar hunturu ke kaɗawa, ɓata lokaci ne. Za ka bambanta baligan kadis masu fiffike da faɗa-wuta ta gashin fiffike maimakon garin da ke goguwa a yatsa, da rashin naɗaɗɗen bakin tsotso, da yadda suke kifa fiffike kamar jinka. Washegari ka sauya etanol ɗin, don ruwan jikinsu ya riga ya tsarma shi. Rubuta wuri da kwanan wata da fensir a 'yar takarda ka jefa cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take yi, abin da aka manna a waje kuma ɓallewa yake. Kada ka kusanto da fomalin, yana lalata DNA. Wanda kake son a yi wa gwajin ƙwayar halitta, ka cire masa ƙafa ɗaya ka sa a etanol kashi 95.

Fara da ƙirga ƙaimi a ƙwaurin gaba da na tsakiya da na baya. 2-4-4 ba tare da ƙananan idanun tsakar ka ba yana kai ka Cheumatopsyche ko Hydropsyche. 1-4-4 da ƙananan idanu, Chimarra. Biyu a tsakiya biyu a baya, da ƙahonni da suka ninka fiffike tsawo, Leptoceridae. 3-4-4 da wani murɗaɗɗen ƙaimi a ƙafar bayan namiji, Dipseudopsis. Sannan ka yanke cikin namijin, ka jiƙa a ruwan KOH (sinadari mai narkar da nama) kashi 10 ya kwana, ko ka ɗumama shi 'yan mintoci cikin ruwan zafi kana leƙawa. A nan ɗalibai suka fi yin ɓarna: a bar shi ya wuce lokaci, sassan su koma kamar leda, ba a ganin komai. Da zarar naman ya narke fatar ta yi haske, ɗauraye da ruwa mai ɗigon binega, ka matse datti da allura, ka sa a gilisirin. Zana al'aurar ta gefe, ta sama, ta ƙasa. Siffar gaɓa ta 9 da ta 10, da 'yan maƙalai biyu na ƙasa, da azzakarin, su ake kwatantawa da zanen wanda ya fara siffanta nau'in. Littafin Georges Marlier na 1962 a kan jinsunan Afirka, da Faransanci, har yanzu yana da amfani, haka ayyukan D. E. Kimmins da na François-Marie Gibon a Afirka ta Yamma. Jerin sunayen duniya da John Morse yake kula da shi a jami'ar Clemson yana intanet, a can za ka ga inda aka taɓa samun kowane nau'i. Idan sunan da ka cimma bai taɓa fitowa daga kudancin Sahara ba, kai ne ka yi kuskure har sai an tabbatar da akasin haka.

Akwai gajeriyar hanya ta haɗa tsutsa da baliginta. Nemi gidajen da aka toshe bakinsu aka manna a ƙarƙashin dutse. Wanda ya kusa fitowa, fiffikensa ya yi baƙi, al'aurar namijin ta riga ta cika, kuma ɓawon kan tsutsar yana nan dunƙule a ƙarshen gidan. Ka sami biyu a kwalba ɗaya. Leptoceridae ne suke ba da haushi, don sukan tura ɓawon waje.

Yanzu maganar da ka yi wa mai unguwa, wadda ta fi sunan Latin damuna nesa ba kusa ba.

Wannan zance na cewa inda aka ga kadis ruwan sha ne, kullum sai ya zo gabana, a furojet, a rahoton 'yan kwangila, har a bakin masu wayar da kai da suka yi bitar kwana biyu aka ba su riga da hula. Ba gaskiya ba ne, kuma yana iya kai yaro kabari. Abin da tsutsar ke shaidawa shi ne akwai iskar oksijin a ruwan, akwai gudu, laka ba ta binne duwatsu ba. Iyakarta ke nan. Ƙwayar kwalara ba ta kashe ta. Ƙwayar taifot ba ta kashe ta. Mutum zai yi bahaya mita 50 a sama da inda kake ɗaga dutse, ita tana nan tana saƙar ragarta. Ƙari ma, Hydropsychidae ɗin da ka tara masu tace ruwa ne, abin da ruwa ya kwaso suke ci, don haka sukan yi yawa a ƙasan dam da kuma inda ƙazantar gari ta shigo daidai-wa-daida. Dutse ya cika maƙil da nau'i guda na Cheumatopsyche, babu kowa sai su, wannan ba albishir ba ne. Kuma suna cikin masu jure ƙarafa, sukan tara su a jiki su ci gaba da rayuwa. A ƙasar da aka shafe fiye da shekara 100 ana haƙar kuza, daga Bukuru zuwa Barkin Ladi ramuka ne cike da ruwa, wa zai ɗauki wannan da wasa? Ban da haka, dutsen da suke so shi ne wanda tsutsar baƙin ƙuda mai jawo makantar kogi take so, kuma a gefen rafin inda ruwa ya lafa dodon koɗin tsargiya zai iya zama lafiya lau.

Ga yadda sunan ƙarya yake zama takardar shaidar ƙarya. Ma'aunin BMWP na Birtaniya, wanda ake auna lafiyar kogi da shi ta hanyar ƙwarin da ke cikinsa, yana ba kowane dangi maki daga 1 zuwa 10: Leptoceridae 10, Limnephilidae 7, Hydropsychidae 5. Ɗan kwangila zai ɗauki hoto, manhaja ta ba shi suna, ya kwafo makin, ya tara, ya rubuta "ruwa mai kyau ƙwarai". Alhali a ma'aunin SASS5 na Afirka ta Kudu, Leptoceridae 6 suke ci, don na nahiyar nan ba su kai na can laushin jiki ba. Hydropsychidae kuma 4 ne idan nau'i ɗaya ka samu, 6 idan biyu, 12 idan sun fi biyu. Ka ga dangi ɗaya, hukunci uku. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ko SASS5 ɗin ma aro ne a Jos, sai dai ya fi kusa da gida. Duka biyun an yi su ne don auna lafiyar kogi, babu wanda aka yi don randar ruwan sha.

Abin takaici, ofisoshin da ke karɓar irin waɗannan rahotanni su suke ƙarfafa abin. Fom yana da gurbin "sunan nau'i", wanda ya rubuta gaskiya ya ce Cheumatopsyche sp., wato an san jinsi amma ba a tantance nau'i ba, sai a dawo masa da takarda wai bai cika ba, wanda ya zuba sunayen Turai ashirin a jere kuwa a buga masa hatimi. Babu mai cewa ina kwalbar, ina zanen, wa ya duba. Daga nan ɗalibi na gaba ya kwafa, na bayansa ya kafa hujja da shi, shekara biyar sai ka ji ana cewa ai an san da Limnephilus a Filato. Ku ji tsoron Allah, malamai da 'yan kwangila. Sa hannu a kan cewa ruwa lafiya yake shaida ce, kuma matan da za su ɗiba su jiƙa wa jarirai koko ba su san BMWP ba, kalmarku suka riƙe.

Ka koma wajen mai unguwa tun kafin ka miƙa furojet, ka ce masa, ranka ya daɗe, maganar da na yi a baya ban cika ta ba, ƙwarin nan ba sa nuna ko ruwa zai shawu. A ci gaba da tafasawa ko sa sinadarin kulorin. Idan ana son tabbaci, a ɗebi ruwan a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a sa cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli, ƙwayar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, dalma kuma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. A yi gwajin da rani, a maimaita da damina, don ruwan farko shi ke wanko komai daga tudu.

A takardarka kuma ka rubuta dangi, da jinsi in ka tabbatar, ka bi shi da sp. 1, sp. 2, ka haɗa zanenka da hoton ƙarshen cikin namijin, ka faɗi littafin da ka bi da ƙasar da aka rubuta shi dominta. Kwalaben ka bar su a sashenku da takardunsu a ciki, ka riƙa ƙara musu etanol, don zafin watan Maris yana shanye shi ko da murfi a rufe.